JARIRI MAI HUJI A ZUCIYA

Wannan takarda domin masu gida aka rubuta ta, da matan aure, da ungozomomi, da kakannin da renon jikoki ke hannunsu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Akwai wani irin jariri wanda kusan kowane gari an taɓa ganinsa. An haife shi lafiya, an yi suna, kowa ya watse. Bayan mako huɗu ko shida sai uwa ta lura ba ya shan nono kamar yadda yayyensa suka sha. In ya kama ya ɗan tsotsa, sai ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe da gumi ko da hunturu ne. Wata ya shiga, wata ya fita, ba ya ƙiba, tari kuwa ba ya rabuwa da shi. Sai wasu su ce nonon uwar ne ba shi da kyau, wasu su ce beli ne, wasu su ce maye ya kama shi. Alhali sau da yawa abin da ke damunsa a zuciyarsa yake, kuma da shi aka haife shi.

Likitoci sun ƙidaya, sun ga cikin jarirai 100 akan sami kamar guda ɗaya wanda zuciyarsa ba ta ginu daidai ba. Haka abin yake a ƙasashen Turawa, haka yake a nan.

Yadda zuciya take

Zuciyar jariri ba ta fi dunƙulen hannunsa girma ba. Ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu, da bango a tsakani. Ɓangaren dama shi ke karɓar jinin da ya gama zaga jiki, ya tura shi huhu ya ɗebo iska. Na hagu kuma ya karɓi wanda ya komo daga huhu, ya tura shi ko'ina cikin jiki. Ginin nan yana ƙarewa ne cikin mako 8 na farkon ciki, watau tun mace ba ta gama tabbatar da tana da juna biyu ba.

Wani lokaci bangon tsakiya ba ya rufewa duka, sai a bar huji. Wannan shi ya fi yawa. Wani lokaci kuma wata 'yar jijiya ce, wadda ɗa ke amfani da ita yana ciki, ya kamata ta toshe cikin kwana biyu ko uku bayan haihuwa, sai ta zauna a buɗe. Bakwaini ya fi samun wannan. Akwai kuma wanda ƙofar da jini ke bi zuwa huhu ta yi masa ƙunci, jininsa ba ya samun isasshiyar iska, shi ne harshensa ke yin shuɗi.

Duk mai ban ruwa a lambu ya san abin da ke faruwa in gefen hanyar ruwa ya ɓalle. Ka yi ta jan ruwa har ka gaji, fangali ɗaya ya cika ya tumbatsa, na can ƙarshe kuwa yana bushewa. To, haka zuciya mai huji take. Jini ya yi wa huhu yawa, shi ya sa yaron ke haki. Abincin da zai gina jikinsa kuwa duk ya ƙare wajen wahalar numfashi.

Kada a ɗora wa uwa laifi. Yawancin lokaci ba a gane dalili. Amma an san ciwon sukari wanda ba a kula da shi ba yana jawo shi, da shan magani barkatai a farkon ciki, da wata ƙaramar ƙyanda da ake kira rubela in ta kama mace a watannin farko. A shekarar 2025 Nijeriya ta fara yi wa yara allurar da ta haɗa riga-kafin ƙyanda da na rubela. Auren zumunci na kusa shi ma yana ɗan ƙara haɗarin.

Abin da za ku duba

Ku duba shi yana shan nono, domin shan nono shi ne aikin ƙarfi na jariri, nan gazawar zuciya ke fara bayyana. Sa'an nan in yana kwance shiru, ba kuka yake ba, ku buɗe cikinsa ku ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif da agogo. Wanda bai kai wata 2 ba, in ya yi 60 ko fiye, numfashin ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya kuwa, 50 ko fiye. Ciwon haƙarƙari ma yana kawo haka, amma ko wanne ne, na asibiti ne.

Shuɗin nan ba ya nunawa sosai a fatarmu. Saboda haka ku fita da yaron haske, ku duba harshe, da dasashi, da cikin leɓe. In kun ga sun yi shuɗi ko toka-toka, kada ku jira gari ya waye, kada ku jira ranar kasuwa. Haka nan jaririn kwana kaɗan wanda ya ƙi nono farat ɗaya, jikinsa ya saki, hannu da ƙafa suka yi sanyi.

Maigida, a nan naka aikin yake. Sau da yawa uwa ta ga alamun nan tun da wuri, amma ba ta da izinin fita, ba ta da kuɗin mota. In ta ce maka yaron nan ba kamar sauran yake ba, ka yarda da ita, ita ke tare da shi dare da rana.

Cire beli, da tsaga, da sakiya, ba su kai ga zuciya. Jinin da za a zubar kuwa, yaron nan ba shi da rararsa.

A asibiti

Ma'aikacin lafiya zai auna nauyin yaron, ya saurari ƙirjinsa, ya maƙala masa wani ɗan abu a hannu ko ƙafa wanda ke nuna yawan iskar da ke cikin jini. In ya yi zaton zuciya ce, zai rubuta muku takarda zuwa babban asibiti. Can za a ɗauki hoton zuciyar da irin na'urar da ake duba mai ciki. Ba yanka, ba zafi. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da na Maiduguri, da na Jos, su ake tura irin waɗannan yara. Sai an yi hoton nan ake sanin irin ciwon, da irin maganin da ya dace da shi.

Wani yaron, hujinsa ƙarami ne. Likita zai ce ku koma gida, ku riƙa kawo shi ana dubawa. Kada ku ce an ƙi ba ku magani. Ƙananan huji da yawa suna rufewa da kansu cikin shekarun farko.

Wani kuma za a ba shi magani. Akwai wanda ke sa fitsari domin ruwa ya ragu a huhu, akwai wanda ke sauƙaƙa wa zuciya aiki. Ku sani magungunan nan ba su toshe huji, suna dai riƙe yaron ne ya sami ƙarfi. Da nauyinsa ake auna su, in aka zarce kaɗan wasunsu guba ne. Don haka kada ku ƙara, kada ku rage, kada ku sayi madadinsu a kasuwa, kada kuma ku daina don kun ga sauƙi.

Na uku shi ne wanda sai an gyara. Wasu ba a ko buɗe ƙirjinsu, sai a zura siririyar roba ta jijiyar gindin cinya har zuciya, a toshe hujin da ɗan marfi. Wasu kuwa sai tiyata. Kamar ɗaya cikin huɗu na yaran nan suna bukatar gyara tun ba su cika shekara ba.

Mutane da yawa in sun ji an ce za a yi wa jariri aiki a zuciya, sai su ɗauke ɗansu su gudu gida. Ba a ga laifinsu ba, abin da ban tsoro. Amma aikin nan ba sabo ba ne. Tun 1938 wani likita, Robert Gross, ya ɗaure jijiyar nan da ba ta rufe ba a jikin wata yarinya 'yar shekara 7 a birnin Boston na Amurka, ta warke. A 1944 aka fara yi wa yara masu shuɗin harshe aiki a Baltimore. A 1953 aka fara amfani da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu har likita ya gama ɗinki. A Nijeriya kuwa, an fara buɗe zuciya a yi mata aiki a 1974, a asibitin koyarwa na Inugu. Yau yawancin yaran da aka yi wa gyara a kan kari suna girma, su yi makaranta, su yi aure.

A kan kari, ku riƙe wannan. Babban huji in an bar shi shekara da shekaru, jijiyoyin huhu sukan ƙandare saboda yawan jinin da ke dukansu. In suka ƙandare, ko an zo da kuɗi buhu-buhu likita ba zai iya rufe hujin ba, domin rufewar ma sai ta zama haɗari. Abin ruɗin kuwa shi ne, sa'ad da wannan ke faruwa hakin yaron yakan ragu, iyaye su zaci ya warke. Saboda haka ranar da likita ya ce ku komo, ku koma, ko da yaron na wasa.

Ba za a ɓoye muku ba, aikin zuciya yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke yinsa ba. Ku tambayi likitan yaron inda ake yi, ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ko akwai taimako. Wani lokaci likitocin waje sukan zo su yi wa yara aiki da rangwame, kuma waɗanda sunansu ke rubuce a asibiti su ake kira. Kada ku ba kowa kuɗi a bakin ƙofa don ya ce zai sama muku hanya.

Reno a gida

Uwa ta ci gaba da ba da nono, nononta ba shi da aibu. Ta ba shi kaɗan-kaɗan, amma sau da yawa, tana riƙe da shi a ɗan zaune. In ya gaji bai ƙoshi ba, ta tatsa a kofi mai tsabta ta ba shi da cokali. A kai shi awo kowane wata. A yi masa allurar riga-kafi duka, ya fi kowa bukatarta. Ya kwana cikin gidan sauro, gama zazzaɓin cizon sauro yana shanye jini, zuciyar nan kuwa ba ta iya ɗaukar ƙarin kaya. A nisanta shi da hayaƙin murhu. In haƙora sun fito a riƙa wanke su, domin ƙwayar cuta daga ruɓaɓɓen haƙori tana iya bin jini ta sauka a zuciya.

Yaro mai shuɗin harshe wani lokaci, musamman da safe ko bayan kuka, sai shuɗin ya ƙaru ƙwarai, numfashi ya yi zurfi, har ya suma. Kada ku sheƙa masa ruwa, kada ku ɗura masa kome a baki. Ku rungume shi, ku naɗe ƙafafunsa gwiwoyi su taɓa ƙirji, ku lallashe shi, ku nufi asibiti da shi a haka. In ya fara tafiya za ku ga yakan tsuguna da kansa in ya gaji. Ku bar shi, sauƙi yake samu.

Wanda aka yi wa tiyata, kada a ɗaga shi ta hammata har mako 6, sai a tallabo shi ta ƙeya da mazaunai, domin ƙashin ƙirji bai gama haɗewa ba. In wurin ɗinkin ya yi ja, ko yana ruwa, ko jiki ya yi zafi, a mai da shi nan da nan. Takardun asibiti kuwa ku sa su cikin leda ku adana a akwati, domin ko ya girma za a tambaye su. In kuma mace ce, ranar da ta fara zuwa awon ciki ta tafi da su.