Zuwa Ƙala'at an-Nahal da ƙaramin yaro: fo, buta da ruwa

Duk mai niyyar kai iyali Ƙala'at an-Nahal, ziyarar dangi ce ko biki ko aikin kakar riɗi, ya fara lissafinsa da ɗan shekara biyu ko uku da ke cikin tawagar. Babba yana iya daurewa har a isa zango. Yaro kuwa in ya ce "Inna, kashi", to ba ya jiran direba.

Garin yana jihar Gadarif a gabashin Sudan, kudu maso yamma da birnin Gadarif, a kan tsohon layin dogon da ya haɗa Gadarif da Sinnar a ƙarshen shekarun 1920. Ƙasar baƙar laka ce mai duwatsu jefi-jefi, ta dawa da riɗi da ƙaro. Hausawa sun daɗe a wannan yanki, jikokin mahajjata da na masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, saboda haka da wuya ku rasa wanda za ku yi wa tambaya da harshenku. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 jihar ta cika da 'yan gudun hijira, shingayen bincike sun yawaita, sai ku tambayi masu masaukinku halin hanya kafin ku ɗaure kaya. Daga Yuni zuwa Oktoba laka ke hana mota sakat, tafiyar yini ta koma kwana a daji.

Fo ɗin yaro ya zama a hannunku. Kada a ɗaure shi cikin kaya a saman mota, inda sai an kwance igiya kafin a kai gare shi. Tare da shi a haɗa buta cike da ruwa, sabulu, ledoji da wandunan canji. A hanya famfas ya fi sauƙi ga na goye, amma a masauki yakan zama nauyi, don babu mai kwashe shara, karnuka da awaki kuma suna tono shi. Wanda aka yi amfani da shi a ƙulle a leda a binne da zurfi. Kunzugu ya fi araha, sai dai yana cin ruwa, ruwa kuma shi ne abin da garin ya fi ƙaranci.

Rijiya ba ta cika yin albarka a wannan ƙasa ba. Jama'a sun dogara da hafir, manyan tafkunan da ake haƙawa don tara ruwan damina, da kuma ruwan da ake jawowa daga kogin Rahad, aikin da aka kafa wajen 1970 lokacin da aka zaunar da 'yan gudun hijirar Eritiriya a yankin. A gidaje da yawa mai keken jaki ke kawo ruwa a sayar. Baƙo mai yara da ya san ya kamata yakan biya kuɗin ganga ko biyu da kansa, ba tare da ya jira an yi masa kara ba. Ruwan sha a tafasa shi, ko da ya fito daga randa mai sanyi.

Batun masai ne na fi so a kula. Lakar nan tana tsagewa da rani, ta kumbura da damina, ramin da ba a gina bakinsa da kyau ba kuwa yana iya ruftawa. Bakin ramin ma na manya ne. Kada a tura ɗan ƙasa da shekara biyar shi kaɗai, kada kuma a ce ya zagaya bayan danga. Ya yi a fo, ko uwa ta ɗora shi kan ƙafafunta yadda aka saba, a juye a masai, a wanke fo, a yi masa tsarki, sannan mai tsarkin ta wanke hannu da sabulu. Maganar da ake yi cewa kashin jariri ba shi da illa kuskure ne, yana ɗauke da cuta kamar na babba. A Satumban 2023 an ayyana ɓarkewar kwalara a jihar Gadarif.

Da dare fo ya kwana a gindin gado, tocila a kusa, kuma ƙafa ba ta taka ƙasa sai da takalmi, saboda kunama da maciji. Yaro ya kwana cikin gidan sauro mai magani. Ban da sauro, akwai wani ɗan mitsitsin ƙuda da ke cizo da dare yana sa cutar kala-azar, wadda ta yi katutu a Gadarif kuma ta fi kama yara. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu tare da rama da kumburin saifa, ko da bayan kun koma gida ne, ku faɗa wa likita inda kuka je.

Yaron da ya daina fitsarin kwance a gida yana iya komawa ruwa a baƙon wuri. Wani kuma ya ƙi yin kashi kwana biyu don bai san wurin ba, ga kisra, wainar dawa mai tsami, da bai saba ba. Wannan ba abin duka ba ne. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zaninsa, a tashe shi fitsari kafin manya su kwanta, a ƙara masa ruwa. Kaka za ta tsokane shi, ta ce ta fasa auren tunda angon nata ya jiƙa gado, wannan wasa ne na jika da kaka. Amma in yaran gida suka taru suna yi masa waƙa, Baba ya tsawatar. Shi ma Baban ya iya riƙe buta, ba a bar wa uwa goyo da fo da tocila duka ba.

In gudawa ta kama shi, a jiƙa ƙullin gishiri da sukari na asibiti a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. In babu ƙullin, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗayan. A ci gaba da ba da nono, a nemi ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Kashi kamar ruwan shinkafa, ido ya faɗa ko fitsari ya ɗauke, a nufi asibiti nan take. A hana shi wanka da fitsari a hafir ko magudanan Rahad, akwai tsargiya. Ƙullin gishiri da sukarin nan da zinkin ku saye su tun a birnin Gadarif, kada ku bari sai kun isa.