Yadda Ake Waldar Manifol ɗin Turbo da Ƙarfen Sitenles

Wanda ya taɓa ɗaga bonet ɗin mota mai turbo da daddare, bayan an ba ta wuta a doguwar hanya, ya ga bututan da ke fitowa daga kan inji sun yi jajir kamar garwashin maƙera. Hayaƙin injin fetur mai turbo yakan kai zafin digiri 900 a ma'aunin Salshiyas. Waɗannan bututan, da bakanikai ke kira manifol, su ke tattara hayaƙin kowace silinda su kai shi bakin turbo, kuma a jikinsu turbon yake rataye da duk nauyinsa. Za su yi zafi su huce sau dubbai, inji na girgiza su, ramukan hanya na fizgar su. Waldar da za ta jure wannan ba irin ta salansa ba ce, da ake ɗiga wa wuta a bakin titi a wuce.

Bari mu ɗauki motar da kowa ya sani: Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD (ta 2006 da 2007 kuma DC), mai injin K24 silinda huɗu. Ba ta zo da turbo daga kamfani ba, don haka mai son saka mata sai an ƙera masa manifol. Ramukan hayaƙinta huɗu suna bayan inji, ta wajen bangon da ya raba shi da ɗakin direba, wuri matsattse. Wadda ta biyo bayanta a 2008 kuwa an haɗe ramukan tun a cikin kan inji, rami ɗaya ne ke fitowa, wannan aikin bai shafe ta ba.

Daga kasuwa ake fara cin nasara ko a faɗi. Sitenles iri-iri ne. Mai lamba 304 yana ɗauke da kromiyam kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, kuma kromiyam ɗin ne ke yi masa siririyar fata da ke hana tsatsa. Amma in ya daɗe a zafi tsakanin digiri 425 zuwa 860, kabon da ke cikinsa yakan kama kromiyam ya riƙe, sai gefen walda ya raunana. Manifol kuwa a cikin wannan zafin yake rayuwa. Shi ya sa ake neman 304L, wanda kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 ba, ko 321 da aka zuba wa titaniyam don ya riga kromiyam kama kabon. In aljihu zai ɗauka, 321 ya fi. Abin da za ka guje wa shi ne siririn bututun ado da ake yin makarin bene da shi. Sau da yawa lambarsa 201 ce, kaurinsa bai taka kara ya karya ba, kuma maganaɗisu ba zai bambance maka shi da 304 ba. Karanta lambar da aka buga a jikin bututun. Nemi mai kauri, wanda ake kira shedul 10: na inci ɗaya da rabi kaurin bangonsa milimita 2.8 ne. Shedul 40 ya kai 3.7, ya fi nauyi, ya fi juriya. Ka haɗa da gwiwoyi da aka riga aka lanƙwasa, na digiri 90 da na 45, domin da su za ka gina kowace kwana.

Sai faranti biyu: na kan inji da na bakin turbo. Kada kaurinsu ya gaza milimita 12. Gaskit ɗin motar shi ne ma'aunin ramukan. Wasu masu aikin sun fi son farantin baƙin ƙarfe don bai cika karkacewa ba, kuma ba laifi, sai dai wayar cikonsa daban ce.

Kafin ka yanka bututu ko ɗaya, nemar wa turbo mazauni. Ɗaura farantin a jikin inji, ka riƙe turbon a inda kake so ya zauna, ka duba ko'ina: nisansa da bututan birki, da wayoyi, da bango, da hanyar da salansa za ta bi. Ramin da mai ke fita daga turbo dole ya kalli ƙasa, kada ya kauce fiye da kamar digiri 15, domin man da nauyinsa yake gangarawa, ba famfo ke tura shi ba. In ya taru a ciki, shuɗin hayaƙi za ka gani. Da ka gamsu, ɗauko guntayen rodi ka ɗiga su tsakanin farantin biyu su riƙe juna, ka kwance ka kai kan teburi. Wannan ƙwarangwal shi ne taswirarka.

Daga nan sai mahaɗa, inda bututan huɗu ke zama ɗaya a bakin turbo. Ana fere bakin kowanne a karkace har su rungumi juna, tsakiyarsu ta yi tsini kamar bakin mashi. In turbon mai hanya biyu ne, irin wanda Mitsubishi ta fara sa wa Lancer Evolution IV a 1996, to sai ka raba su bibbiyu. Injin yana tashi ne 1, 3, 4, 2, saboda haka silinda 1 da 4 su bi hanya ɗaya, 2 da 3 su bi ɗayar. Da haka bugun hayaƙin wata silinda ba zai turo na maƙwabciyarta baya ba, turbo ya farka da wuri. Batun sai tsawon bututan ya zo daidai kuwa, ana yawan kambama shi. A motar tsere yana da amfani. A motar yau da kullum, na fi son gajerun bututai masu ƙwari da suka ɗan bambanta, a kan dogaye masu murɗe-murɗe da za su tsage cikin wata shida.

Yanzu aikin haƙuri. Kowace gwiwa a yanka ta da zarto a miƙe, a goge bakinta a kan sanfefa har ta kwanta lif. Haɗa biyu ka ɗaga su ga haske. In haske ya ratsa ta gefe guda, koma ka goge. Sitenles yana ja zuwa inda aka sa masa wuta, kuma duk giɓin da ka cike da narkakken ƙarfe zai janye bututun daga inda ka auna. Fere gefen bakin a karkace kamar digiri 30 don wuta ta sami hanyar ratsawa har ciki. Wanke ciki da waje da asiton. Buroshin ƙarfe da dutsen gurenda su zama na sitenles kaɗai, don in sun taɓa baƙin ƙarfe za su dasa masa tsatsa. Kada ka kuskura ka wanke da ruwan wanke birki mai kulorin: hasken walda da zafinta suna mayar da shi fosjin, gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ja layi da maka a kan kowane haɗi, ka sa lamba, ka ɗiga wuta wuri uku ko huɗu. Gina bututun silinda mafi wuyar hanya tukuna, sauran su bi sararin da ya rage. Ka bar wa sipana hanyar kaiwa ga kowane noti da za a ɗaure, abin da mutane da yawa ba sa tunawa sai ranar ɗaurawa.

In duka huɗun sun tsaya da ɗige kawai, mayar da shi cikin mota ka gwada. Ya zauna? To cire kowane bututu daban, domin a hannu ne za ka iya juya shi wuta ta zagaye ko'ina.

Waldar da ake yi ita ce TIG, wadda masu aikin sitenles a nan suka fi sani da waldar agon. Russell Meredith ne ya kammala ta a kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka a 1941. Tsinken tangstin da ba ya narkewa ke ba da wuta, iskar agon na lulluɓe narkakken wurin, ɗaya hannun na ciyar da waya. Sai dai agon ɗin da ke fita daga bakin na'ura wajen bututu kawai yake karewa. Cikinsa fa?

A nan ake gane mai aiki. In wuta ta ratsa bango ta tarar da iskar duniya a ciki, bayan waldar zai ƙone ya yi baƙi ƙirin, ya yi burtsi-burtsi kamar ƙanzo. Masu sana'ar suna kiran wannan sukari. Daga waje walda na sheƙi, mai mota ya biya yana murna, alhali kitso aka yi da ƙwarƙwata. Daga wannan ƙanzon tsagewa ke farawa, kuma in ɓarɓashinsa ya ɓalle, ina zai nufa in ba cikin fankar turbo ba, wadda ke juyawa sama da sau 100,000 a minti? Maganin ba wuya, tsada ce kawai: toshe bakunan bututun da takardar alminiyam, zura tiyo na biyu daga tukunyar agon ta ƙasan bututun, huda ƙaramin rami a sama. Agon ya fi iska nauyi, zai cika daga ƙasa ya kore ta ta ramin. Jira 'yan mintuna kafin ka kunna wuta, ka bar shi yana kwarara a hankali har ka gama. Ni dai ban ga hujjar da za ta sa a tsallake wannan ba, ko da agon ɗin zai ci rabin ribar aikin.

Saita injin walda a DC, tsinke a ɓangaren negatif. Tangstin mai milimita 2.4, a fere shi a tsaye ya yi tsini. Ga bango mai 2.8, fara daga amfiya 70 zuwa 90, ka gwada a kan guntu tukuna. Wayar ciko 308L ce ga 304, 347 ga 321, 309L kuma inda sitenles ya haɗu da baƙin ƙarfe. Kashe fanka, kare wurin daga iska, balle lokacin hunturu, don kaɗan ta busa ta kwashe agon. Amma kada ka rufe kanka ruf: hayaƙin waldar sitenles yana ɗauke da nau'in kromiyam mai jawo kansar huhu. Sa takunkumi na ƙwarai, hayaƙin ya sami mafita.

Zagaye biyu ake yi. Na farko siriri, aikinsa ya ratsa ya narkar da bakin ciki. Bari ya huce har ka iya taɓawa, ka goge, sannan na biyu ya cike. Sitenles ba ya watsa zafi kamar baƙin ƙarfe, kusan sulusinsa yake yi, don haka zafin a wuri ɗaya yake taruwa. Tafi da sauri daidai gwargwado, kada ka tsaya kana lallashin wuri guda. In za ka kashe, rage wutar sannu a hankali don kada ta bar rami, ka riƙe bakin na'urar a wurin har agon ya gama fita. Launi zai gaya maka gaskiya: ruwan azurfa ko ruwan zinare ya yi, shuɗi da shunayya zafi ya ɗan yi yawa, toka-toka kuwa ka dafa ƙarfen.

Haɗa bututan da mahaɗa, farantin kan inji ya zo ƙarshe. Ɗaure shi tam a jikin ƙarfe mai kauri, ko tsohon kan inji in ka samu a wajen masu kayan gwangwan. Yi walda kaɗan a rami na ɗaya, tsallaka na huɗu, dawo na biyu, kada zafi ya taru gefe guda. Kada ka kwance sai ya huce sarai. Duk da haka zai ɗan karkace, sai a kai shi injin gyaran fuska a share har ya kwanta daidai.

Ga wani lissafi da ya kamata ya zauna maka a kai. Sitenles yana miƙewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe da kusan rabi. Bututu mai santimita 40, in zafinsa ya ƙaru da digiri 800, zai ƙara tsawon milimita 5 ko fiye. Kan injin kuwa ruwa na sanyaya shi, ba zai bi shi ba. Shi ya sa ake tsaga farantin tsakanin rami da rami, a ɗan faɗaɗa ramukan noti na gefe, ƙarfe ya sami wurin motsi. A yi wa turbo madogari daga jikin inji ya ɗauke masa nauyi, a sa gaɓa mai lanƙwasuwa a bututun salansa.

Saura ƙofar rage hayaƙi, wato wesget. Huda mata a mahaɗa, inda hayaƙin duka silindojin ke wucewa, bututunta ya kwanta ta inda hayaƙin ya nufa. In ka kafa shi a tsaye kamar turke, hayaƙi zai wuce shi, matsin turbo ya yi ta hawa har ya fi ƙarfin inji.

Toshe ramuka, hura iska kaɗan, shafa ruwan sabulu a kan kowace walda ka nemi kumfa. Leƙa ciki da tocila, wanke duk wani ɓarɓashi, busar. Ɗaura da sabon gaskit, ka sa garkuwar zafi tsakaninsa da bututan birki. Tayar da inji ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, sannan ka dawo da sipana ka sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiya zuwa gefe.