Santimita 84 a Berlin: darasin Makaniks daga jifan guduma na mata

Duk wanda ya zauna ajin Makaniks a shekarar farko ya san lissafin nan na abin da aka jefa sama ya faɗo can gaba: R = v² × sin 2θ ÷ g. Mun haddace shi kamar karatun allo, mun zuba shi a takardar jarrabawa, muna fitowa muka manta. Ni kam saura ƙiris in maimaita kwas ɗin saboda shi. Malam ya ɗan juya tambayar ne kawai, ya ce tsakanin sauri da kusurwa wanne ya fi tasiri a kan nisa, kuma me ya sa. Sai ga ni ina kallon silin. Abin da ya zaunar min da lissafin daga baya wani tsohon bidiyo ne na wasan ƙarshe na jifan guduma na mata, a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya da aka yi a Berlin, ƙasar Jamus, a 2009. Shi nake so mu duba tare, musamman ƙannenmu 'yan ND I da jarrabawa ke tafe musu.

Da farko dai, gudumar nan ba irin ta kafinta ba ce. Dunƙulen ƙarfe ne kamar ƙwallo, an ɗaura masa waya ta ƙarfe, a ƙarshen wayar akwai mariƙi. Ta mata nauyinta kilo 4, tsawonta gaba ɗaya ba ya wuce santimita 119.5. Ta maza kilo 7.26 ce. Mai jifa tana tsayawa ne cikin wani da'ira na siminti mai faɗin mita 2.135, an kewaye shi da keji na raga mai ƙofa ɗaya ta gaba, don kada ƙarfen ya ɓalle ya nufi 'yan kallo. Za ta wulwula gudumar a saman kanta kamar sau biyu, sannan ita kanta ta juya sau uku ko huɗu da sauri, ta saki. Dole ƙarfen ya faɗi cikin wani fili mai siffar yankan kankana, wanda buɗewarsa digiri 34.92 ce. In ya fita layin, ko ƙafarta ta taka wajen da'irar, jifan ya tashi a banza. Wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero da majajjawa ya riga ya san rabin aikin.

Maza suna wannan wasa a Olamfik tun 1900. Mata sai da aka yi shekara ɗari cif kafin a ba su dama, a Sidni a 2000, bayan an fara saka shi a gasar duniya ta 1999 a Sifen. Wadda ta ci zinaren Sidni yarinya ce 'yar ƙasar Folan, Kamila Skolimowska, tana da shekara 17 kacal. Ku riƙe sunanta.

To, mu je Berlin. Wannan ita ce gasar da Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, shi ya sa kusan kowa ya manta da sauran abin da ya faru a filin. A wasan ƙarshe na guduma, kowace mai jifa tana da jifa uku, takwas ɗin da ke gaba su ƙara uku, a ɗauki wanda ya fi nisa. Idon mutanen gari yana kan Betty Heidler, 'yar gida, wadda ke riƙe da kambun tun gasar 2007. Sai wata 'yar Folan, Anita Wlodarczyk, ta shiga keji a zagaye na biyu ta aika ƙarfen mita 77.96. Ba a taɓa yin irinsa ba a duniya, ta wuce tsohon tarihin da santimita 16. Safar hannun da take jifa da ita ta Skolimowska ce, wadda ta rasu wata shida kafin nan a sansanin atisaye a Fotugal, tana da shekara 26.

Murna ta sa Wlodarczyk ta hau tsalle, ta dira ba daidai ba, ta ji ciwo a idon sawu. Shi ke nan, ba ta ƙara wani jifan kirki a ranar ba. Ta koma gefe tana kallo, Heidler kuma tana ta matsowa, filin ya ɗauki ihu. A jifanta na ƙarshe Heidler ta yi 77.12. Ta kafa tarihin ƙasarta, amma zinare ya tafi Folan da tazarar santimita 84.

Yanzu ku ɗauko kalkuleta. Bari mu sauƙaƙa: mu ɗauka an saki ƙarfen a digiri 45, mu manta da iska, mu manta da cewa daga wajen tsayin kafaɗa ake sakinsa. Abubuwa biyun nan da muka zubar, ɗaya yana rage nisa ɗaya yana ƙarawa, don haka amsarmu ba za ta yi nisa da gaskiya ba. A digiri 45, sin 2θ ya zama 1, sai lissafin ya koma v² = R × g. Na Wlodarczyk: 77.96 × 9.81 ya ba da kusan 764.8, wato v ya kama mita 27.65 a daƙiƙa. In ka mayar da shi ma'aunin mota, kusan kilomita 100 ne a awa. Na Heidler: 77.12 × 9.81 ya ba da kusan 756.5, v ya kama 27.50.

Kun ga bambancin? Mita 0.15 a daƙiƙa. Ko tafiyar jariri mai rarrafe ta fi haka sauri. Wannan ɗan abin shi ne tsakanin zinare da azurfa.

Dalilin yana cikin ɗan ƙaramin 2 ɗin nan da ke saman v. Tunda saurin ana ninka shi ne a kansa, in ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, nisa yana ƙaruwa da kusan kashi 2. A jifan mita 78, hakan ya haura mita ɗaya da rabi. Ita kuwa kusurwa, ku gwada da kanku. A sauke ta daga 45 zuwa 40, digiri biyar cur. Sin 80 ya ba da 0.985, wato an yi asarar kashi ɗaya da rabi kawai, kamar mita 1.2. Kenan kuskuren digiri biyar bai kai asarar kashi ɗaya na sauri tsada ba. Wannan ita ce amsar da na kasa bayarwa a ɗakin jarrabawa, kuma wallahi layi uku ce.

Shi ya sa manyan masu jifa ba sa takura kansu sai sun saki a 45 daidai, yawanci ƙasa da haka kaɗan suke saki. Gudumar tana zagayawa ne a karkace, gefe ɗaya sama, gefe ɗaya ƙasa. In aka matsa sai karkatar ta kai 45, ƙarfen zai iya bugun ƙasa a gefen da yake saukowa, ga shi kuma jiki ba ya iya ba shi cikakken sauri a wannan yanayin. Gara a bar wa kusurwa 'yan santimita a karɓo mita daga sauri. A aji ana ce mana 45 ita ce sarki, kuma haka ne a takarda, inda aka ɗauka saurin ba ya canzawa. A fili kuwa biyun a ɗaure suke da juna, kana jan ɗaya ɗayan yana motsi.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ba ni mamaki. Kilo 4 ai ba nauyi ba ne, bai kai galan ɗin ruwa cike ba. To me ya sa matan nan suke zama kamar masu jan igiyar rijiya, sun tanƙwara gwiwa sun kwanta baya? Nan kuma lissafin abu mai zagaye ne ya shigo: F = m × v² ÷ r. A nan r shi ne nisan ƙarfen daga inda ake juyawa, wato waya haɗe da hannuwa. Mu ƙaddara shi mita 1.8, ƙiyasi ne don ya danganta da tsawon mutum. Sai mu samu 4 × 764.8 ÷ 1.8, kusan niwton 1,700. Raba da 9.81, ka samu nauyin kilo 173. Wato a daidai lokacin sakin, ƙarfen nan mai kilo 4 yana jan hannunta kamar buhun siminti uku da rabi. Kuma tana juyawa ne a kan dunduniya da gefen ƙafa ɗaya, cikin da'irar da ba ta fi tsawon katifar hostel da komai ba.

Babu damtsen da zai iya tanƙwara hannu ya fizgi wannan nauyi. Wadda ta gwada ma cutar kanta ta yi, don ta rage r, ƙarfen ya dawo kusa da jiki, saurinsa ya ragu. Hannuwa a miƙe ake barinsu, su zama kamar ci gaban wayar. Saurin daga ƙafafu da ƙugu yake fitowa. A kowane juyi akwai lokacin da ƙafa biyu ke ƙasa, akwai lokacin da ɗaya ke sama. Sai ƙafa biyu suna ƙasa take samun abin dogara ta tura ƙarfen sosai. Don haka duk wahalar atisayen tana komawa ne kan yadda za a dire ƙafar nan da wuri, a tsawaita lokacin turin, sau huɗu a jere, kowane juyi ya fi na baya sauri. In kun sami bidiyon, ku rage gudunsa ku kalli ƙafafun kawai, ku bar ƙarfen. Da zarar ta saki, aikinta ya ƙare: ƙarfen zai yi kamar daƙiƙa huɗu a sama, ya kai tsayin kusan mita 19, ba abin da za ta iya ƙara masa sai ihu.

Wlodarczyk ta warke ta dawo. A 2015 ta zama mace ta farko da ta wuce mita 80. A 2016 ta ci zinaren Olamfik a Birazil da 82.29, bayan sati biyu ta yi 82.98 a Warsaw, a gasar da ake yi don tunawa da Skolimowska. Ku saka 82.98 a lissafinmu, za ku samu mita 28.53 a daƙiƙa. Shekara bakwai na atisaye, ƙarin bai cika mita ɗaya a daƙiƙa ba, amma a ƙasa mita biyar ne.

Kada wani ya ce wasan Turawa ne, ba ruwanmu. Annette Echikunwoke, wadda aka haifa a Amurka amma asalinta 'yar Najeriya ce, ta zaɓi ta wakilci Najeriya a Olamfik na Tokyo a 2021. Har ta isa Japan, sai aka hana ta shiga tare da wasu 'yan wasan Najeriya tara, domin ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da doka ta ce a yi kafin gasa ba. Ba a kama ta da komai ba, gwajin ne ba a cika ba. Ta koma ta saka rigar Amurka, a Faris a 2024 ta ci azurfa da mita 75.48, bayan Camryn Rogers ta Kanada da ta yi 76.97. Wannan lambar yabo da tamu ce, abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna.

Ga aikin gida daga wannan gasa ta Faris. Zhao Jie ta Sin ta ɗauki tagulla da 74.27, Wlodarczyk, tana da shekara 38, ta zo ta huɗu da 74.23. Ku nemo bambancin saurin da ya hana ta hawa dandamali. Kada ku yanke lambobin da wuri, ku bar aƙalla huɗu bayan ɗigo, in ba haka ba kalkuleta za ta ce muku kunnen doki suka yi.