Agogon da Ya Gwada Sugan Ledar Fiya Wata

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran waya a Maiduguri, kuma kayan bogin da na buɗe da hannuna ba su ƙirguwa. Yawancinsu asarar kuɗi ce kawai, mai kaya ya yi tsaki ya kama gabansa. Wanda zan ba da labarinsa yau kuwa ƙafar mutum ya ci. Mutumin dattijo ne da nake gaisarwa kullum a hanyar masallaci a unguwarmu Mafoni, kuma akwai hannuna a cikin abin da ya same shi. Shi ya hana ni yin shiru.

Baba ɗan kasuwa ne, ya daɗe yana fama da ciwon suga. Yana da na'urarsa ta gwaji, irin wadda ake huda yatsa a ɗiga jini, yana ajiye ta a shagonsa na Kasuwar Monday tunda can yake wuni. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shiga kasuwar, na'urar ta bi sauran kayan shagon. Duk wanda ya ga halin da garin nan ya shiga a lokacin ba zai ga laifin iyalinsa ba don ba su tuna da sayen wata ba. Abinci ake nema da wurin kwanciya, ga shi 'yan kasuwar ba su gama farfaɗowa daga gobarar Fabrairun 2023 ba.

Bayan kamar wata biyu, ɗansa ya shigo shagona da wani agogo a cikin kwali mai ƙyalli. Yaro ne mai ladabi, yana sayar da kati da data. Ya ga tallar agogon a wani shafi, ya tura naira dubu goma sha takwas, aka aiko masa ta tasha.

"Injiniya, don Allah haɗa min wannan da waya."

Na karɓa, na sauke manhajarsa, na haɗa ta bulutut, na saita lokaci, na karɓi ɗari biyar. A jikin kwalin na ga hoton ɗigon jini da lambobi, na san ƙarya ce, domin na sha ganin irinsa. Amma layi ya yi yawa a ranar, kuma na ɗauka shi zai riƙa ɗaurawa don gayu kamar sauran samari. Ban tambaye shi wa zai ba ba. Kalma huɗu ce, da na faɗe ta da wataƙila ba a kai nan ba. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Baba ya yi murna da kyautar ƙwarai. Ba huda yatsa, ba sayen tsinken gwaji a kemis, wanda tsadarsa dama ta ishe shi. Da safe ya danna, agogo ya ce 5.6. Da yamma 6.2. Washegari 5.9. Ya riƙa nuna wa abokansa a majalisa, kowa ya miƙo hannu a ɗaura masa, kowa agogo ya ce masa lafiya lau. Sai ya fara tsallake magani. Daga tsallakewa ya ajiye shi gaba ɗaya, yana cewa Allah ya kawo sauƙi, ga shaida a hannunsa. Ranar ganin likita ta zo, ya ce kuɗin Keke ma asara ce.

Azumin 2025 ya kama a watan Maris, zafi ya fara. Ya yi azuminsa cikakke, yana buɗe baki da dabino da ardeb mai sanyi da shayi mai suga kamar kowa. Ƙishirwa ta yi masa yawa, ya ce zafi ne. Fitsarin dare sau biyar sau shida, ya ce ruwan da yake sha ne. Ya rame, aka ce azumi ne. Wani ɗan rauni da takalmi ya yi masa a yatsar ƙafa ya ƙi warkewa, ya riƙa shafa masa man zafi yana ɗaurewa da tsumma. Duk wanda ya ce a je asibiti, sai ya ɗaga hannu ya nuna masa lamba.

Kwana kaɗan bayan Sallah ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida. Da aka kai shi asibiti aka huda yatsarsa, na'urar ba ta ma ba da lamba ba, HI ta rubuta, ma'ana abin ya wuce iyakar abin da take iya ƙirgawa. Ɗan ya ce min a daidai wannan lokacin ya duba agogon da ke hannun mahaifinsa, yana nuna 6.1. An ceto ransa, alhamdulillahi. Amma yatsu biyu na ƙafar dama sai da aka yanke su.

Abin da ya fi karya min zuciya shi ne yadda yaron ya dawo wurina. Bai zo da faɗa ba. Ya ajiye agogon a kan teburi, idanunsa jawur, ya ce, "Injiniya, duba min, ko ruwan alwala ne ya shiga ya lalata shi. Da can yana aiki daidai."

Har a lokacin yana ganin agogon ya taɓa yin aiki.

Na ce masa, "Ƙanena, zauna." Na ɗauko ledar fiya wata daga kula, na goge ta, na ɗaura mata agogon, na danna. Koren haske ya kama walƙiya a jikin ledar, muka jira. Bugun zuciya 78. Hawan jini 121 bisa 79. Suga 5.8. Na kwance na ɗaura wa ƙafar kujera, ita ma ta samu 6.0. Yaron ya kalli ledar, ya kalle ni, ya sa kansa a kan gwiwa. Ban ce masa komai ba sai da ya ɗago.

Sannan na buɗe bayan agogon a gabansa. Ƙwayoyin koren haske biyu ne a manne, an ja musu waya daga bod. Wurin da ya kamata a samu idon da ke karɓar hasken da ya dawo daga fata, fili ne fayau, ko dalma ba a ɗiga masa ba. Na sa mita na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ke komawa aisi daga ɓangaren fata. Batirin ɗan mitsitsi ne, ba shi da kariya. Wato hasken ado ne. Lambobin kuma an rubuta su ne tun daga masana'anta, su riƙa yawo tsakanin biyar da rabi da shida da ɗan wani abu, inda ran mai saye zai yi sanyi. Wanda ya ƙera abin nan ya san sarai abin da yake yi. Da zai bari lambar ta riƙa hawa da sauka da gaske, da asirinsa ya tonu tun makon farko.

To ko da idon yana nan, ko da agogon na dubu ɗari biyar ne, koren haske bugun jini yake bi, ba ya ganin suga. Wannan ba maganata ba ce ni kaɗai. Ranar 21 ga Fabrairu 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin gwada suga ba tare da huda fata ba, ko na wane kamfani ne. Apple ya fito da agogonsa tun 2015, yana da kuɗin da ya fi kasafin ƙasashe da yawa, har yau bai sa wannan a ciki ba. Google ya sanar a 2014 cewa yana aiki a kan wani ɗan gilashi da ake sa wa a ƙwayar ido ya gwada suga daga hawaye, a 2018 aka dakatar da aikin saboda sugan hawaye bai bi na jini yadda za a dogara da shi ba. Abin da ya gagari waɗannan, shi ne wani zai sayar maka dubu goma sha takwas har da kyautar madauri biyu?

Wani zai ce ai ya ga Bature a bidiyo yana duba sugansa a agogo. Gaskiya ne, ya gani. Amma ka duba damtsen Baturen, akwai wani ɗan faifai manne, irin FreeStyle Libre ko Dexcom, mai siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, ana canza shi bayan kwana goma ko sha huɗu. Shi ke yin gwajin, agogo allo ne kawai da ke nuna sakamako. Hatta hawan jini, agogon Samsung da ke gwada shi sai an daidaita shi da injin ɗaure hannu duk bayan mako huɗu. Naka na kwali mai ƙyalli da me aka daidaita shi?

Don haka ku ji da kyau. Agogo ba ya gwada suga. Zobe ba ya gwada suga. In ba a huda ba, ba a gwada ba. Kada wanda ya ajiye maganinsa saboda lambar da ya gani a tsintsiyar hannu, likitan da ya ɗora ka a kan magani shi zai sauke ka.

Masu sayarwa, ku ji tsoron Allah. Na yi wa wani magana a kan irin agogon nan, ya ce min shi ɗan kasuwa ne, abin da aka rubuta a kwali shi yake faɗa. To kwalin ba zai tsaya maka ranar hisabi ba. Da bakinka kake cewa "yana da kyau ga masu suga, saya wa Hajiya." Ka ɗaura wa ledar ruwa ka gani, minti ɗaya bai kai ba. In kana jin abinka kayan lafiya ne, ina lambar NAFDAC? Abokan sana'ata kuma, waɗanda aka yi wata uku a gefen wani aka sayi sukurdireba aka buɗe teburi, ku daina ce wa mutane sensa ce ta mutu a kawo dubu uku a canza. Wace sensa? Babu ita a ciki tun asali. Ka karɓi kuɗi ka goge gilashi ka mayar, mutum ya koma gida ya ci gaba da dogara da shi. Wannan ya fi cutar mai sayarwar muni, domin kai ka buɗe ka gani.

Masu saye ma kuna ba ni haushi, sai dai ku yi haƙuri. Ka zo shagona ka tambaye ni, in gaya maka gaskiya, ka ce ai mai bidiyon ya gwada a gaban kowa. Mutum ya fi yarda da wanda bai taɓa gani ba a kan wanda ya buɗe abin a gabansa. Wata baiwar Allah har cewa ta yi hassada nake yi don ba a wurina ta saya ba.

Kuma ba agogo kaɗai ba ne. Tun Janairun 2021 da aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu garin nan ya zauna a duhu wata da watanni, fawa banki ya zama kamar tsinken sakace a kasuwa. An rubuta 50,000 a jiki, abin bai cika tafin hannu ba, ba nauyi. Batirin 18650 mai kyau kamar 3,500 yake ɗauka, sai ka jera sha huɗu zuwa sha biyar kafin ka kai wannan lambar, nauyinsu ya haura rabin kilo. Na buɗe wani mai gida shida, biyu ne batir, huɗun yashi aka ɗura don a ji nauyi. Irinsu ne ake sa wa caji a ƙarƙashin matashi cikin zafin Afrilu, ko a bari a gaban mota da rana tsaka. In ya kumbura ka rabu da shi, kada ka danne shi da roba, kada ka kawo min in huda. Memori mai tera biyu a naira dubu huɗu zai cinye hotunan bikinki. Ɗan akwatin da ake soka wa a soket wai yana rage kuɗin wuta, kafasita ce da fitila. Sitikar bayan waya mai hana cutar kansa, takarda ce. Cajar da ba ta da nauyi kada ta kwana a jikin wayar yaro.

Amma duk waɗannan kuɗi ne ko kaya, in an yi sa'a. Agogon suga shi ne nake roƙonku a kansa. In akwai shi a gidanku, a hannun Baba ko Inna ko kaka, yau ɗin nan a ɗauko ledar ruwa a gwada a gabansu, su gani da idonsu, domin magana kaɗai ba za ta raba su da shi ba. Sannan a kai su kemis ko asibiti a huda yatsa. In ba a huda ba, ba a gwada ba.

Na je duba Baba bayan an sallamo shi. Yana zaune a zaure a kan tabarma, ƙafar a naɗe da bandeji an ɗora ta a kan matashi, sabuwar na'urar gwaji tana gefensa cikin jakarta. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa ni na haɗa agogon, kuma na san ba ya aiki ban faɗa ba, ya yafe min.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, na yafe. Abin da Allah ya rubuta ne. Amma akwai mutum uku a majalisarmu da suka sa 'ya'yansu suka sayo musu irinsa saboda sun gani a hannuna. Ɗaya hawan jini gare shi. Ni ba zan iya takawa ba yanzu. Ka ɗauki ledar ruwan nan taka ka je musu."

Na samu biyu a daren, bayan isha'i. Na ukun ya yi tafiya Monguno, ɗansa ya ba ni lambarsa, tun jiya nake kira ba ta shiga.