Ɗakin Kwana Ba Rumbu Ba Ne: Kira Ga Amare Da Iyayensu

Ga 'yan uwana mata na Talata Mafara da Bakura da Maradun da ƙauyukan da ke kewaye.

Sana'ata jere ce da gyaran ɗakin amarya. Ni ake kira ranar da kafinta ya kawo gado da sif, in shimfiɗa ledar ɗaki, in ɗaura labule, in jera kwanuka a kabet, in shirya akwatunan lefe. Sau da yawa kuma akan sake kirana bayan shekara ɗaya ko biyu, idan suna ya matso ko ana jiran baƙi, a ce in zo in sake gyara ɗakin. A wannan komawar ta biyu nake ganin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mafi yawan kayan da muke ba 'ya'yanmu ranar aure da ranar suna, ba sawa ke kashe su ba, ajiya ce. Kuma ɓarnar ba ta tsayawa a kan kaya, tana kaiwa ga lafiyar masu kwana a ɗakin.

Yadda ɗaki ke cika

Mu lissafa abin da ke shiga ɗakin amarya guda. Ga lefe, saitin akwati 4 ko 5 ko 6, cike da atamfa da leshi da shadda da mayafai da takalma da jakunkuna da kayan kwalliya, wasu daga Kantin Kwari a Kano aka ɗauko su, wasu daga Gusau ko Sakkwato, wasu a nan kasuwarmu da ke ci ranar Talata. Ga kayan ɗaki daga iyaye: gado da katifa da sif da kabet da madubi, da kuloli da tukwane da samira da kwalla. Ga gudummawar dangi da ƙawaye, robobi da kofuna da filas da zannuwan gado, sau da yawa abu iri ɗaya har uku ko huɗu. Ga kayan gara, buhun shinkafa da gero da jarkar man gyaɗa da alkaki da nakiya. Kafin a ankara haihuwa ta zo, kayan barka sun shigo: turamen atamfa, sabulu, omo, rigunan jariri, bahon wanka. Duk wannan a ɗakin da bai wuce ƙafa 12 a tsaye da 12 a kwance ba.

Kaya suna shiga, babu mai fita. Idan na tambayi dalili, amsa uku nake ji. Wata ta ce kunya take ji, kada gwaggonta ta zo ta tambayi kular da ta kawo. Wata ta ce tana gudun gorin faccala ko dangin miji, kada a ce iyayenta ba su yi mata kaya ba. Wata kuma ta ce ai ajiya maganin wata rana ce. Na yarda da karin maganar, amma sai idan abin da aka ajiye ya kai wata ranar da ransa.

Abin da na gani da idona

An taɓa kirana wani gida ta wajen Bakura, ana shirin sunan ɗan fari. Akwatunan lefe suna jere a kusurwa, babba a ƙasa, ƙarami a sama, an lulluɓe su da kyakkyawan zani. Na ce a sauko da su. Mahaifiyar mai jego ta ce, "Ɗiyata, wanga babban akwati tun ran da anka kawo shi ba a buɗe ba. Na ce mata ta aje sai ran babban biki." Damina biyu ta wuce a kansa.

Da muka zuge shi, warin danshi ya fara yi mana sallama. Turmin sama lafiyarsa ƙalau. Na uku a ƙasa da na ɗaga shi sai ƙasa ta zubo. Gara ta biyo wata 'yar tsaga a gindin bango, ta bi ƙarƙashin leda, ta huda gindin akwatin, ta ci atamfar ta bakin ninki. Da muka warware yadi shidan nan, huji ne a jere tun daga wannan baki har wancan, ko ɗankwali ba zai fita ba. Farin leshi ya koma ruwan ƙasa da ɗige-ɗigen fumfuna. Takalmin da ko sau ɗaya ba a taka ba, fatarsa tana ɓarewa a hannu. Man shafawa ya tsinke, ruwa daban, mai daban. Mai jego ta zauna bakin gado tana hawaye, ta ce, "Inna, da kin bar ni na ɗinka." A lokacin nan zani uku take juyawa.

Babu wanda ya yi mugunta a gidan nan. Yanayin ƙasarmu ne ba ya barin kayan da aka rufe aka manta. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya ɗauki zafi, roba da lastik da fatar takalmi su mutu. Damina ta sauka, musamman a Agusta, danshi ya hau bango da siminti, fumfuna da gara su samu abin da suke so. Hunturu ya shigo, ƙura ta kwanta a kan duk abin da aka tara a saman sif.

Abin da ya fi asarar kaya ciwo

Na farko, sauro. Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, ita ke shayar da gonakin rani na Maradun da Mafara da Bakura. Albarka ce babba, da ita muke cin shinkafa. Amma inda ruwa ke kwance rani da damina, sauro ba ya yankewa. Sauro kuwa da rana a wuri mai duhu yake laɓewa: bayan akwatuna, ƙarƙashin gadon da aka cushe, cikin kayan da aka rataya a igiya. Na shiga ɗakuna da yawa da gidan sauro yana nan sabo a ledarsa, don an jingina kaya a gado ta kowane gefe, babu ta inda za a ɗaura shi balle a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa.

Na biyu, ɓera. Buhun hatsi da kayan gara a ƙarƙashin gado gayyata ce gare shi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma a lokacin rani ya fi yawa. Inda ɓera ya samu wurin zama, kyankyaso da kunama da kuɗin cizo ma sun samu.

Na uku, kafur. Mun saba jefa shi cikin akwati don ƙamshi da korar ƙwari, har da akwatin kayan jariri. Likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi a kan haka. Akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, an fi samun haka ga 'ya'ya maza, kuma yana da yawa a Nijeriya. Irin wannan jariri idan ya shaƙi kafur ko aka sa masa rigar da ta kwana da shi, ƙwayoyin jininsa na iya fashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Uwa ba za ta gane ɗanta yana cikinsu da ido ba. Saboda haka kada kafur ya kusanci kayan jariri ko ɗakin mai jego. Idan kuma aka ga idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti a ranar.

Na huɗu, maganin ƙwari. Mu manoma ne, kuma maigida yakan ga ɗakin matarsa ya fi ko'ina tsaro, sai ya ajiye maganin feshi a bayan ƙofa. Ƙwayar Phostoxin da ake jefawa a buhun wake tana fitar da iska mai guba da zarar ta ji danshi, kuma iskar tana iya kashe mai barci a rufaffen ɗaki. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna saboda haɗarinsa, amma har yau ina tsintarsa a kan madubi kusa da kwalbar humra, inda hannun yaro ke kaiwa. Mai son adana wake ya nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar. Ba ya buƙatar magani, rashin iska ke kashe ƙwarin.

Na biyar, gobara. Kaskon turaren wuta ko maganin sauro na kunnawa ko kyandir, a ɗakin da zannuwa ke lilo ta ko'ina, ga akwatuna sun tare rabin ƙofa, idan wuta ta tashi cikin dare ta ina za a fita da yara?

Yadda nake gyara ɗaki

Ba sai an kira mai jere ba, ke da ƙanwarki kun isa. Ku zaɓi safiyar da babu hadari, ku shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ku fito da komai, har abin da ke saman sif da ƙarƙashin gado. A share ɗakin, a ɗage leda, a duba gindin bango. Duk tsagar da aka gani a toshe ta da siminti.

Sai a kasa kayan kashi huɗu: na sawa yanzu, na ajiya mai dalili kamar bargo da rigunan sanyi da kayan fita biki, na bayarwa, da na zubarwa. Ma'aunin da nake ba amare shi ne, duk abin da ƙaramar Sallah da babbar Sallah suka wuce ba ki taɓa shi ba, ki tambayi kanki wa kike ajiye wa. Turmin da kike so, ki kai wa tela a wannan makon. Man shafawa da hoda da sabulu suna da ranar lalacewa a jikinsu, a duba, a fara da wanda ya fi kusa.

A cikin sif, kayan yau da kullum su zauna daidai hannu, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi da ba a cika nema ba a sama. Ki naɗe zani da rigarsa da ɗankwalinsa wuri guda, kada neman ɗankwali ɗaya ya sa ki hargitsa komai. A bar tazarar tafin hannu tsakanin sif da bango don iska ta wuce. Idan sif ɗin dogo ne, kafinta ya kafe shi a bango, domin yaro mai rarrafe yakan kama ƙofarsa ya miƙe. Akwati kada ya zauna a kan siminti, a ɗora shi a kan katako ko bulo, a manna takarda a jikinsa a rubuta abin da ke ciki. A maimakon kafur, kayan manya a sa musu busasshen ganyen dogon yaro ko kanumfari a ƙulle cikin ƙyalle. Kayan jariri kuwa wanki da shanya a rana da guga sun ishe su.

Ki ware akwati ɗaya tak ya zama na kyauta. Kular da ta zo sau uku, turmin da launinsa bai kwanta miki ba, rigunan jaririn da ɗanki ya wuce tun ba a sa masa ba, duk nan za su shiga. Mu mata mun san biki bashi ne. Ranar da aka kawo miki goron suna ko katin ɗaurin aure, sai ki buɗe akwatin nan, ba sai kin ci bashi kin tafi kasuwa ba. Ki riƙe ɗan littafi ki rubuta wanda ya kawo kowane abu, don kada ki mayar wa mutum kyautarsa.

Abinci ya koma ɗakin girki ko wata kusurwa daban, cikin robar da ke da murfi mai kamawa. Maganin feshi ya bar ɗakin kwana gaba ɗaya, a kulle shi inda yaro ba ya kaiwa. A yi wannan gyaran sau biyu a shekara, a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, da watan Oktoba bayan ya ɗauke.

Akwai jaka ɗaya kuma da nake roƙon kowace mace ta haɗa. Duk mun san halin rashin tsaro da yankinmu ke ciki, mun ga 'yan uwanmu da suka baro ƙauyukansu cikin dare da kayan jikinsu kawai. Katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun haihuwa da na makaranta, katin rigakafin yara, maganin da ake sha kullum da 'yan kunnen zinare, a sa su cikin leda, a sa a ƙaramar jaka, a rataye inda hannu zai same ta ko babu fitila. Su kuma waɗannan bayin Allah da ke zaune a cikinmu, su ne suka fi cancanta da kashi na uku, wato kayan bayarwa. Zanin da ke ruɓewa a gindin akwatinki sutura ce ga wata uwa, ladan kuma naki ne.

Ga iyaye da masu kyauta da mazaje

Iyayenmu mata, don Allah a auna ɗaki kafin a auna kaya. Ku je ku ga ɗakin da za a kai yarinya, sannan ku yi wa kafinta magana. Kuɗin saitin kwanuka na uku, da an saya mata keken ɗinki ko tunkiya, da ya fi yi mata rana. Ku daina cewa ta ajiye sai babban biki, ku ce ta ɗinka ta sa, ku gani ku ji daɗi. Masu kai gudummawa, ku tambayi abin da babu kafin ku saya, kuma idan kun bayar kun bayar, kada a dawo ana bin sawun kyauta. Mazaje, ku nema wa buhunanku da magungunan gonarku wani wuri, ko 'yar rumfa ce mai ƙofa, ku bar wa iyali inda za su shaƙi iska.

Damina ba ta jiran kowa. A wannan makon ki sauko da akwatin da ya fi daɗewa a rufe, ki buɗe shi a tsakar gida, ki fitar da na ɗinki da na bayarwa. Idan kina da ƙanwa ko maƙwabciya mai ciki, ki gaya mata maganar kafur tun kafin ta haɗa kayan haihuwa. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a cikin abin da Ya hore mana.