Addini da Kyawawan Ɗabi'u: Nazari a Kan Tarihin Daura

Gabatarwa

An daɗe ana muhawara tsakanin manazarta al'adun Hausawa a kan tushen kyawawan ɗabi'unsu. Wasu na ganin Musulunci ne ya kawo su, wasu kuwa na cewa ya tarar da su. Manufar wannan maƙala ita ce auna ra'ayoyin biyu da ma'aunin harshe da na tarihin Daura.

Shaidar harshe

A shekarar 1974 A.H.M. Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki, inda ya jero siffofin da Bahaushe ke yabon mutum da su. Idan aka dubi asalin kalmomin, za a ga sun kasu kashi biyu. Amana da adalci da ladabi da hikima da hankali duk an aro su daga Larabci. Kunya da gaskiya da mutunci kuwa Hausa ce tsantsa. Masu ra'ayi na biyu sukan kafa hujja da wannan, su ƙara da misalin Maguzawa, waɗanda ba su musulunta ba, amma an san su da kunyar surukai da riƙon zumunta. Sai dai kuma aron kalma kamar adalci yana nuna cewa akwai wani sabon ma'auni da ya shigo tare da ita.

Shaidar tarihi

Labarin kafuwar sarautar Daura ya ginu ne a kan amfanin jama'a. An ce macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, Bayajidda ya kashe ta, Magajiya Daurama ta aure shi. Watau tun a wannan labari an ɗauka cewa shugaba shi ne mai kawar wa talakawa cuta. Abin da labarin bai tanada ba shi ne hanyar tuhumar sarki idan shi da kansa ya zama mai cutar.

Wannan giɓi ne masu jihadi suka ce sun zo cikewa. A littafin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Haɓe saboda karɓar jangali da gaisuwa, yana mai auna su da shari'ar da ta hau kan sarki da talaka baki ɗaya. Bayan ɓarkewar jihadi a 1804, Malam Ishaku ya karɓi tuta ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, daga baya zuriyar Haɓe ta kafa sarautu a Zango da Baure.

Amma akwai abin lura guda biyu. Na farko, riƙon tuta bai hana son duniya ba. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya ga yadda wasu mabiya suka karkata ga dukiya da mulki, har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya yada zango a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami don shiryar da masu mulki. Na biyu, da Turawa suka mayar da gidan Haɓe Daura a 1906 a ƙarƙashin Malam Musa, ba a koma ga tsarin da ba. Alƙali da limami sun ci gaba da aikinsu, sarki kuma ya yi mulki a matsayin sarkin Musulmi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Musulunci ya tarar da kunya da zumunci a ƙasar Hausa, ya ƙarfafa su. Babbar gudummawarsa ita ce rubutacciyar doka wadda malami ko talaka zai iya tunatar da sarki da ita. Tarihin Daura ya nuna cewa dokar ta wanzu duk da sauyin gidan sarauta, amma amfaninta ya dogara ga samun masu ƙarfin halin faɗar gaskiya irin Malam Abdullahi.