Darasi: Wayar Walda da Iskar da Take Bukata

Aikin ƙarfe tsohuwar sana'a ce, tun a Farawa 4:22 aka ambaci Tubal-kayinu maƙeri. A yau matasanmu da yawa suna ci da walda, suna gyaran garma, amalanke da ƙofofin majami'a. A wani ƙauye da muka ziyarta, zumuntar matasa ta tara kuɗi ta sayi injin walda mai amfani da waya, amma duk amalanken da suka gyara sai ya sake ɓallewa a hanyar gona. Injin lafiyarsa lau. Wayar ce ba ta dace ba.

Ga dalili. Idan ƙarfe ya narke, iskar da muke shaƙa tana shiga cikinsa ta bar ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, sai waldar ta yi rauni. Dole a kāre wurin har ya daskare. Sandar walda da muka saba da ita, irin su E6013, tana da hoda a jikinta mai yin wannan aiki. Waya kuwa iri-iri ce:

1. Waya zalla, kamar ER70S-6, domin baƙin ƙarfe. Ba ta da hoda, saboda haka ba ta aiki sai da tukunyar iska. Iskar CO2 ta fi araha, tana ratsa ƙarfe mai kauri, amma tana tartsatsi. Gaurayen agon kashi 75 da CO2 kashi 25 ya fi tsabta, ya fi dacewa da falle marar kauri.

2. Waya mai hoda a ciki wadda ba ta bukatar iska, kamar E71T-11. Hodar ce ke ƙonewa ta yi kāriya. Ita ce ta fi dacewa da mai aiki a fili, domin iskar hunturu tana kwashe iskar tukunya. Tana hayaƙi, kuma sai an kankare ɓawonta. A haɗa bindigar waldar a gefen alamar cirewa (-).

3. Waya mai hoda wadda duk da haka tana bukatar iska, kamar E71T-1. A nan mutane suke ruɗewa. A karanta lambar da ke jikin kwali kafin a biya kuɗi.

4. Wayar alminiyam, kamar ER4043, tana bukatar agon zalla. CO2 yana ɓata ta.

Gargaɗi: kada a taɓa haɗa gas ɗin girki ko iskar oksijin ta masu waldar kabaid a wannan injin. Gobara ce, rai ma yana iya salwanta. A ɗaure tukunya a tsaye, a rufe ido da gilashin walda, a yi aiki inda hayaƙi zai fita.

Shawararmu ga ikkilisiyar da take nesa da inda ake cika tukunya ita ce ta fara da waya ta biyu. Kuɗin baiko amana ne, kuma amalanken da ya karye da kaya yana iya raunata yaro ko sa.

Tambayoyi domin tattaunawa:
a. Wace waya masu waldar ƙauyenmu suke amfani da ita?
b. Ina ne wuri mafi kusa da ake cika tukunyar iska?
c. Wa za mu tuntuɓa kafin mu sayi kayan sana'a?

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.